Daga Magagari Zuwa Sukundireba: Tarihin Gyaran Saitin Ƙaramar Bindiga

Idan mutum ya fara magana ba kai ba gindi, sai a ce ya sauka daga saiti. Bakanike ma yakan ce ƙafar mota ta bar saiti. Kalmar aro ce daga Turanci, kuma a wurin masu bindiga ma'anarta a fili take: 'yan ƙarafa biyun nan, ɗan tsini a kan hanci da 'yar tsaga a baya, waɗanda mai harbi ke jerawa da ido kafin ya ja kunama. Duk da ƙanƙantarsu, sai da aka shafe ɗaruruwan shekaru kafin gyaransu ya zo da sauƙi, musamman a kan fistol da libarba.

Bindigogin farko ba su san saiti ba. Wadda aka tono a lardin Heilongjiang na ƙasar Sin, mai shekaru tun wajen 1288, bututun tagulla ne kawai, a ɗura albarushi a cinna wuta. Dogayen bindigogin Turai sun samu saiti tsakanin ƙarni na 15 da na 16, amma fistol ta mahaya ta daɗe ba ruwanta da shi. Sojan doki sukuwa yake yi har ya kusa taɓa abokin gaba, sannan ya miƙa hannu ya saki wuta. Cikin bututun sumul yake, harsashin kuwa dunƙulen dalma ne mai bin inda ya ga dama. Duk wanda ya taɓa bin maharbi mai harba-ka-ruga daji ya san irin wannan bara, inda sanin halin bindiga ya fi ƙarfen da ke kanta amfani.

Wata al'ada ta manyan Ingila ce ta sa maƙera suka mai da hankali kan saitin fistol a ƙarshen ƙarni na 18. Mutum biyu da suka yi sa-in-sa sukan tsaya 'yan taku tsakaninsu, kowa da bindigarsa, harsashi ya raba gardama. Kowace bindiga harsashi ɗaya take ci, don haka dole ya sauka inda ido ya auna. Robert Wogdon, wani maƙerin Landan, ya yi suna a wannan sana'a, kuma da bindiga ƙirar shagonsa Aaron Burr, mataimakin shugaban Amurka, ya harbe Alexander Hamilton a 1804. Daidaita irin waɗannan bindigogi aikin maƙeri ne tun ranar ƙira: ya harba, ya duba, ya goge, ya sake harbawa.

Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a Amurka a 1836. A samfurinsa na 1851 da ake kira Navy, saitin baya 'yar tsaga ce a bakin gudumar bindigar, sai an ɗana ta ake ganin tsagar. Waɗannan libarbobi sun yi ƙaurin suna wajen harbi sama idan abin harbin yana kusa, har masu su suka saba auna ƙasa da inda suke nufi. Da libarbar Single Action Army ta kamfanin Colt ta fito a 1873, tsagar ta koma jikin bindigar, ba ta motsi. In tana harbi ƙasa, sai a sa magagari a rage tsinin gaba, kaɗan-kaɗan, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. In kuwa hagu ko dama take kaucewa, maƙeri kan danne bututun ya ɗan murɗa shi a mazauninsa har tsinin ya karkata.

Daga wannan wahala ce ƙa'idar ta fito, kuma har yau ba ta sake ba: saitin baya ana matsar da shi wajen da ake so harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Lissafin ma gajere ne. A ce tazarar saitin biyu santimita 15 ce, allon harbi yana mita 25, harsashi kuma yana kaucewa da santimita 10. A ninka 10 sau 15, a raba da 2,500 (mita 25 ke nan a santimita), sai a ga gyaran da ake nema milimita 0.6 ne kacal, bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Shi ya sa goga ɗaya ta ganganci kan ɓata aikin yini guda.

Masu gasar harbi ne suka ƙi haƙura da magagari. A wasannin Olamfik na farko na zamani, a Atina a 1896, wa da ƙane daga Amurka, John da Sumner Paine, kowa ya ci gasar fistol guda. A wannan zamani ne E. E. Patridge ya fito da tsini mai kai a baje da tsaga mai kusurwa huɗu, yadda ido zai iya auna hasken da ya rage ta kowane gefe. Sai kamfanoni suka shiga sa sukurori a saitin baya. A 1940 Smith & Wesson ya fitar da K-22 Masterpiece, wadda sukurunta ke yin ƙas-ƙas idan ana murɗawa, kowane ƙas da gwargwadonsa. Aikin da a da sai maƙeri, yanzu mai bindiga na yi da sukundireba a filin harbi, in ya zarce ya dawo baya. Hakan ya magance wata tsohuwar matsala: harsashi mai nauyi ya fi jinkiri a bututu, bindiga kan riga ta ɗaga hanci kafin ya fita, sai ya sauka sama. Sauya harsashi kan buƙaci sauya saiti.

Soja kuwa ƙarko ya fi damunsu. Jamusawa sun zana har mita 1,000 a saitin Mauser C96, nisan da ya fi ƙarfin fistol. M1911 ta John Browning, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1911, ta zo da saiti ƙanana, na baya a cuse cikin wata tsaga, ana ɗan bubbuga shi gefe da sandar tagulla don kada a ji wa ƙarfen. Har an samu masu cewa saitin ma ba dole ba ne: Fairbairn da Sykes na 'yan sandan Shanghai sun koyar da nuna bindiga kamar yatsa a faɗan kusa. Jack Weaver ya ba da amsa a Kalifoniya a 1959, da ya ci gasa yana riƙe da hannu biyu, bindiga a daidai ido, Jeff Cooper kuma ya yaɗa wannan salo.

Daga baya aka sa iskar tiritiyam a saiti don ya yi haske da dare, ko da yake rabin hasken kan tafi cikin shekara 12. Kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da na'ura mai jan ɗigo a 1975, kuma a 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta Amurka da irin wannan na'ura a kan fistol. Ita ma sukuru biyu gare ta, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama.

Abin da sukuru bai taɓa gyarawa ba shi ne hannu. Mai harbi da dama da ke fizgar kunama, ko yake zabura kafin ƙara, harsashinsa kan sauka ƙasa ta hagu, ya taho yana zagin bindiga. Laifi tudu ne. Don haka ƙwararren mai gyara ba ya fara taɓa saiti. Yakan ɗora bindigar a kan buhun yashi, ya harba biyar a natse, ya je ya duba allo. In ramukan sun taru wuri guda a gefe, sai ya ɗauko sukundireba. In sun watsu ko'ina, sai ya miƙa wa mai ita kayarsa, ya ce ya koma atisaye.