Finafinan Hausa a idon masu nazari

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, finafinan Hausa sun dogara ne da jarin 'yan kasuwa da ƙananan kamfanoni.

Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya daɗe yana nazarinsu, yana ganin jigogi uku ne suka mamaye su: auren dole, da takarar mutum biyu a kan masoyi guda, da rawa da waƙa.

Ya danganta hakan da tasirin finafinan Indiya.

Masu shirya finafinan dai sun sha cewa fim maras waƙa ba ya ciniki, yayin da malamai ke sukar raye-rayen.

A 2001 ne gwamnatin jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai.