Tarihin Ɗaurin Ganga

Duk wanda ya tashi a Rawayau, ko wani gari na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, ya ji labarin gangar noma, wadda ake kaɗa wa samari ranar gayya. Amma ba kowa ya kula da abin da ke sa ta amo ba. Ice dai ba ya magana, fata kuwa in ta saki sai ta yi bebe. Asirin yana ga tsarkiya, watau igiyar da ke riƙe da fata a bakin icen.

Ganga tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Littafin tarihin Kano ya ambaci wani babban mutum, Dagaci, wanda ya zo daga Barno zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, da ganguna. A Katsina kuma akwai Gwauron Tambari, wanda ake lissafawa cikin kayan sarauta tare da Gajere, takobin Korau. Da Ummarun Dallaji ya ci birnin wajen 1807, sarautar Haɓe ta koma Maraɗi, amma kiɗan tambari bai mutu ba a ko wanne gari. Tambari na sarki ne, talaka kuwa gangarsa ta noma.

Ga yadda mutanen da ke ɗaurin. Masassaƙi ya rarake gungumen ice, kamar alilliba, ya bar shi ya bushe. Sa'an nan a samo fata. Tambari baki ɗaya gare shi, fatar sa ake sa masa, ganga kuwa baki biyu, galibi da fatar akuya. A jiƙa fatar har ta yi laushi, a kankare gashin, a shimfiɗa ta a bakin icen, a naɗe gefenta bisa wani zobe. Daga nan a zura tsarkiya, wadda aka yanko daga fata siririya, ta bi daga wannan baki zuwa wancan, ta komo, har ta kewaye gangar duka.

Wurin ja nan ne gwaninta take. In mutum ya ja gefe guda da ƙarfi, sai fatar ta karkace, ko ta yage. Saboda haka gwani yakan ja nan kaɗan, ya juya ya ja ɗaya gefen, sannu sannu. In fatar ta bushe sai ta ƙara tsukewa da kanta. Har wa yau aikin bai ƙare ba, don da damina raɓa kan sa fata ta saki, sai an shanya ganga a rana ko an gasa ta kusa da wuta. Da hunturu kuwa takan ɗame har ta fashe, in ba a sassauta mata ba.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan sana'a ba. Mutanen Mande na Gini da Mali suna da manyan ganguna uku masu fatar shanu, dundumba da sangban da kenkeni. Bayan Gini ta sami mulkin kai a 1958, ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa da Fodeba Keita ya kafa ta zama ta ƙasa, ta kai gangunan nan Turai da Amurka. A rabi na biyu na ƙarni na 20 maɗaura da yawa suka koma ga zoben ƙarfe da igiyar nailan, don ruwa ba ya sa ta saki, kuma ana iya saƙa ta a ƙara mata ƙarfi ba tare da an kwance ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

To, ga inda abin tsoron yake. Garmar shanu da tarakta da ƙwadago sun rage gayya, na'urar kiɗa kuma ta shiga gidajen biki. Fata takan ruɓe, tsarkiya takan tsinke, saboda haka ba a iya ajiye ganga kamar takobi. Sai an riƙa sake mata ɗauri, ɗaurin kuwa a hannu yake, ɗa ke koya wurin ubansa. Ku da Allah ya ba ku karatu, in akwai tsohon makaɗi a garinku, ku zauna da shi, ku rubuta sunan ko wane sashe na gangarsa da yadda yake ɗaure ta, ku kuma kai masa yaro ya koya.