Awon ciki a gindin dogon yaro

Tun da na ajiye aiki nake jin ƴan baya suna maganar awon ciki na rukuni kamar jiya aka ƙirƙiro shi. Wata ɗiyata ta wajen aiki ta dawo daga horo, ta biyo gaishe ni, bakinta bai rufu ba: za a tara mata takwas zuwa goma sha biyu masu ciki wata ɗaya, kowace ta hau sikeli da kanta, su auna wa juna tansiyo, a zuba komai cikin tabilet, shi kuma ya riƙe ranar dawowa. Ta ce, "Mama, da kun samu wannan a zamaninku, da kun huta." Na ce ta sha ruwa tukuna.

Ban raina tsarin ba. Wata ungozoma ce, Sharon Rising, ta fara shi a jihar Konetikat ta Amurka a 1993. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa awo daga sau huɗu zuwa takwas, ta kuma yarda a gwada na rukuni a ƙarƙashin bincike. Da aka gwada shi a jihar Nasarawa ta Najeriya, matan da suka yi shi sun fi sauran zuwa haihuwa a likita. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda ya tako Arewa ya tambaye mu yadda muke yi tun babu lantarki.

Mu dole ce ta sa. A ƙarshen mulkin Kunce aka tura ni wani gari cikin Dallol Mawri, ni kaɗai ce ungozomar makaranta, ranar awo kuwa tsakar gidan cika take, wasu a ƙafa, wasu a amalanke. Wa zai yi wa kowace bayani ita kaɗai? Sai tabarma a gindin dogon yaro. A can na tarar da tsohuwar da kowa ke ce wa Inna. Tana cikin ungozomomin ƙauye da aka riƙa horarwa bisa tsarin da ya faro a jihar Maraɗi cikin shekarun 1960, waɗanda ake ba ɗan akwati mai reza da zare da maganin ɗiga wa jariri a ido. Ba ta san baƙi ba. Rajistarta gwangwanin madara ne da tsakuwa: fara ga ɗan da ya zo da rai, baƙa ga wanda ya koma. Ƙarshen wata ta juye mini a kan tebur, in ƙirga in rubuta, kuma ban taɓa kama gwangwanin nan da ƙarya ba.

Yadda take zaunar da mata shi ne aikin. Ba ta tambayar ranar da jini ya ɗauke, don ba mai faɗa mata a gaban jama'a. Cewa take, "Ke da azumi kin yi sallarki duka?" ko "Da aka yanke hatsi kin fara jin motsi?" Daga nan sai ta ware su, ƴan kaka a tabarma guda, ƴan ɗari a wata. Mai cikin fari kuma ba ta barin ta da tsararrakinta, sai ta cusa ta kusa da mai haihuwa bakwai ko takwas. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san mai cikin fari ba ta magana. Ko ciwo zai kashe ta, kai a ƙasa, bakin zane a baki. Inna sai ta ari bakinta, ta ce, "Akwai wata a garinmu, da dare ƙafarta ba ta shiga takalmi." Manyan su ɗauka, kowace ta kawo nata, yarinyar tana ji. Kafin in ɗora ƙahon sauraro a cikin kowa, Inna ta riga ta ja fatar idon kowace, ta duba tafin hannu, ta danna ƙauri da yatsa ta ga ko ramin zai tsaya.

Wata rana wata dattijuwa daga wajen Matankari ta ja ni gefe, ta ce yarinyar da ke kusa da ita tun safe take runtse ido, ta ce mata tana ganin walƙiya. Na auna, sha bakwai kan sha ɗaya. Ba waya, ba mota. Inna ce ta taka har gona ta samo mijin, ban san abin da ta gaya masa ba, amma kafin la'asar an ɗaura wa shanu amalanke zuwa likitar Dutsi. Lokacin tiyata kuɗi ce, mutum sai ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona, shi ya sa maza ke jan ƙafa. Sai a 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar suka bi, zamanin Tanja Mamadu.

Na yi gaba da yawa. Kafin kyautar akwai biya. Bayan taron Bamako na 1987 aka gwada karɓar kuɗin magani a Boboye da Sayi a 1993, daga baya ya game ƙasa. Magani ya samu a kanta, wannan gaskiya ne, amma na ga matan da suka daina zuwa saboda ƴan daloli. Da kyauta ta zo tabarma ta sake cika, sai dai kuɗin da za a mayar wa cibiyoyi yakan makara, mu yi wata da watanni muna yi wa mata wa'azin maganin ƙarin jini alhali kwalin fanko ne. A tsakanin nan takarda ta yi mana yawa, kowane shiri da rajistarsa. Aka ce ungozomar ƙauye ta daina karɓar haihuwa, ta riƙa rako mata kawai. Ta wani ɓangaren daidai ne, amma sabulu da mudun hatsi da cinyar ragon suna da take samu suka tafi, ba a maye mata da komai ba. Hirar gindin bishiya ta koma minti goma na karanta allo.

Na'ura ta yi mana rana, ba zan ɓoye ba. Na ga karnen awo da gara ta cinye, na ga wanda aka naɗe ƙuli-ƙuli a ciki. Fansida, maganin rigakafin zazzaɓin sauro, ana son mace ta sha aƙalla sau uku, wata guda tsakani, daga wata na huɗu, kuma in karne ya ɓata sai dai ku yi ta cacar baki. Rahoton wata da muke ba ɗan kabu-kabu ya kai Dutsi yanzu ta manhajar DHIS2 yake tafiya. Ranar da na fara kiran motar ɗaukar marasa lafiya da salula, na tuna Inna da tafiyar gonar nan.

To amma salular ta wa ce? A ƙauyukan Dankasari da Gesheme da Dumega yawanci a aljihun miji take, shi kuma da rani yana Kamba ko Legas wajen bida. Saƙon tuni ya zo a rubuce, wani lokaci da Faransanci, sai a kai wa ɗan lakwal ya karanta, kafin magariba kishiya da uwar miji sun san cikin da ake ɓoyo don tsoron baki. Gara saƙon murya da Hausarmu, shi ma kada ya ambaci ciki, ya ce madam tana gaisuwa. Matar ta gane. In kuwa mijin ake son a kama, akwai makarantar mazaje irin wadda aka fara a Damagaram, can ya dace a kai maganar.

Sannan idon ma'aikaciya biyu ne kawai. Na leƙa wani zama na ga yarinya mai ƙoƙari, kanta a kan gilashi tana neman rezo, mata goma suna kallon ƙeyarta, ta ƙarshen layi fuska a kumbure. Injin tansiyo zai ba da lamba, amma sai an kai hannun gare shi, kuma mai kunya ita ce ke zuwa ƙarshe. In da ni ce, mataimaki zai riƙe tabilet a gefe, ko a cika shi bayan an watse, a nemo tsofaffin da suka rage a zaunar da su cikin mata, a kuma biya su.

Ranar dawowa ma haka. Na'ura mako huɗu take ƙirgawa ta ajiye rana, ko ta faɗa tsakiyar noman fari, lokacin da kowace mace tana gamanarta ta gyaɗa ko kuɓewa tun asuba. Inna ranar kasuwa take sawa, da damina kuma ta mayar da zaman bayan azahar, ta aika ta bakin masu tallan fura.