File Explorer: Gyare-gyaren da ma'aikata da 'yan kasuwa ke buƙata a ma'ajiyar fayilolin kwamfuta

File Explorer ita ce manhajar da ke nuna wa mai amfani da Windows duk abin da ke ajiye a cikin kwamfutarsa, kama daga wasiƙu da hotuna har zuwa jadawalin albashi da lissafin kaya. Alamarta hoton folda ne mai launin ruwan ɗorawa, kuma ana buɗe ta nan take idan aka danna madannin Windows tare da harafin E. Da ita ake kwafa, da ita ake sauya suna, da ita ake gogewa, kuma ta cikinta ake leƙa filashi idan an soka shi.

A wuri irin ƙaramar hukumar Dutsi da ke shiyyar Daura a Jihar Katsina, inda aikin sakatariya da na makarantu da na shagunan buga takardu ke ƙara komawa kan kwamfuta, wannan manhaja ta hau matsayin da ɗakin rajista yake da shi a ofis. Abin da ake nema daga gare ta shi ne abin da ake nema daga akawun rajista: ya adana takarda, ya fito da ita idan an tambaya, kada ta salwanta a hannunsa.

Asali da tarihi

Dabarar kwatanta allon kwamfuta da teburin ofis mai takardu da folda ta bayyana a kasuwa da na'urar Xerox Star a 1981. Kamfanin Apple ya biyo baya da Finder a 1984, sannan Microsoft ya saka File Manager a cikin Windows 3.0 a 1990. Da fitowar Windows 95 aka maye gurbinta da Windows Explorer, wadda aka sauya wa suna zuwa File Explorer a Windows 8 cikin 2012.

Gyara kan zo mata a makare. Damar buɗe folda da yawa a taga guda, kamar yadda ake buɗe shafuka a manhajar shiga intanet, ta isa Finder tun 2013, amma sai a 2022 ta iso Windows 11. Haka nan sai a 2023 aka ba ta ikon kwance fayilolin da aka dunƙule da RAR ba tare da wata manhaja ta daban ba.

Bincike da haruffa masu ƙugiya

Babban ƙorafi a kan manhajar shi ne jinkirin bincike. Windows na dogara da wani kundin sunaye da take tattarawa a ɓoye, kuma bisa tsarin da take zuwa da shi, kundin bai haɗa kowane lungu na kwamfuta ba. Idan fayil yana cikin filashi, sai ta bi folda ɗaya bayan ɗaya, lamarin da kan ci lokaci a tsohuwar na'ura.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin matsala. Kalma guda kan zo da fuska uku: wani ya rubuta «ƙasa», wani «k'asa», wani kuma «kasa» kawai saboda allon madannansa ba shi da harafi mai ƙugiya. Haka sunan Muhammadu, wani ya sa Muhammad, wani Mohammed. Fayil ɗin da aka adana da salo ɗaya ba lallai ne ya fito ba idan aka neme shi da wani. Gyaran da ake fata shi ne bincike mai sassauci, wanda zai kawo sunayen da suka yi kama da juna, ya bar wa mai nema zaɓi.

Lambar fayil da kwanan wata

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san lambar fayil da ake rabawa da karan tsaye mai karkata, daga sunan ma'aikata zuwa sashe zuwa juzu'i. Windows ba ta karɓar wannan alama a sunan fayil, domin tana cikin alamomi tara da ta keɓe wa kanta. Don haka lambar da ke bangon fayil ɗin takarda ba ta shiga kwamfuta yadda take, kuma kwanan wata irin 14/03/2025 ma ba ya shiga. Kowane ma'aikaci sai ya ƙirƙiro tasa dabarar, ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki kuwa, wanda ya gaje shi ya shiga lalube.

Maganin da ake hange shi ne gurbi na musamman da za a rubuta lamba ko laƙabi a jikin kowane irin fayil. Finder ta samu laƙabi masu launi tun 2013. A Windows ana iya liƙa laƙabi a takardun Word da wasu hotuna, amma ba a kowane fayil ba, kuma ba a folda ba.

Ɗaukewar wuta

Katsina na cikin jihohi uku da kamfanin KEDCO ke raba wa wutar lantarki, tare da Kano da Jigawa, kuma ofisoshi da shaguna da dama na haɗawa da janareto ko sola. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana tana mutuwa ne a daidai lokacin da wuta ta ɗauke. Tun Windows 8 ana iya dakatar da kwafi a ci gaba daga baya, amma hakan na aiki ne muddin na'urar tana kunne. Idan ta mutu ana tsakiyar kwafi, aikin ya yanke, kuma babu wani rahoto da zai nuna abin da ya wuce da abin da ya rage.

Dabarar ci gaba daga inda aka tsaya tana nan a wata manhaja mai suna Robocopy da ke cikin Windows, sai dai da rubutaccen umarni ake sarrafa ta. Abin da ake so shi ne a fito da ita fili, yadda mai buga takardu zai same ta da danna linzami.

Filashi da kwandon shara

Inda data ke da tsada, filashi shi ne masinja. Da shi malami ke kai sakamakon jarrabawa shagon bugu, da shi ɗan kasuwa ke kai lissafinsa wurin akanta. Amma abin da aka goge daga filashi ba ya faɗawa kwandon shara kamar na cikin kwamfuta, tafiya yake yi kai tsaye. Kuskuren daƙiƙa guda na iya cinye aikin wata guda.

Haɗari na biyu shi ne cutar kwamfuta da ke ɓoye folda ta gaskiya ta ajiye ta bogi mai suna iri ɗaya. Windows na ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato haruffan ƙarshe irin su pdf ko exe da ke bayyana nau'insa, sai in mutum ya buɗe da kansa. Wannan ɓoyewa kan taimaki mugun fayil ya yi shigar burtu. Masana tsaron kwamfuta sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa nuna wutsiyar tun daga farko.

Taga biyu da nauyin folda

Manhajar Norton Commander ta 1986 ta shahara da raba allo gida biyu, folda a dama, folda a hagu, yadda za a kwatanta su a kwashe daga wannan zuwa wancan. Har yanzu masu son wannan tsari na komawa ga manhajoji irin su Total Commander. Haka kuma File Explorer na nuna nauyin fayil a jeri, amma gurbin folda a wofi yake. Wanda ma'ajiyarsa ta cika sai ya bi su ɗaya-ɗaya kafin ya gano wadda ta cinye wuri.

Wanda gyara zai isa gare shi

Ko an yi waɗannan gyare-gyare, ba kowa za su riska ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma sababbin abubuwa a Windows 11 ake zuba su. Ita kuwa tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, sharaɗin da kwamfutoci 'yan gwanjo da yawa ba su cika ba. Mai niyyar sayen na'ura ta hannu yana da kyau ya tabbatar tana ɗaukar Windows 11 kafin ya biya.

Masu amfani na iya aika buƙatunsu ta manhajar Feedback Hub da ke cikin Windows, inda ake tara ƙorafi, wasu kuma su mara wa na wasu baya.

Abin da za a iya yi yanzu

Kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta: tsarin rajista ya girmi kwamfuta, kuma yana aiki a cikinta. Ofis ko shago zai rage asara idan ya tsayar da salon suna guda ɗaya ga kowa, ya sa gajeren layi a madadin karan da Windows ta hana, ya kuma fara da shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-03-14, domin fayiloli su jeru da kansu bisa tsarin lokaci. A kuma yanke shawara tun farko ko za a sa haruffa masu ƙugiya a sunaye ko za a bar su.

Daga nan sai a buɗe nunin wutsiyar suna a sashen duba na manhajar. Manhajar Everything kyauta ce, tana lalubo suna cikin ƙiftawar ido. PowerToys, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, na sauya sunayen fayiloli masu yawa a lokaci guda. File History, da ke nan tun Windows 8, na adana tsofaffin kwafin takardu a ma'ajiyar waje, amma sai an kunna ta da hannu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk takardar da ta shafi albashi, ko fili, ko bashi, ko sakamakon ɗalibai, ya kamata a ce tana da kwafi na biyu a wata ma'ajiya da ba ta kwana a jikin kwamfutar.