Yadda Na'ura Ta Koyi Duba Ido

A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, inda gona ke jingine da gona, ba ka rasa ganin dattijo zaune a gindin darbejiya da damina, yana jin ƙarar fartanya amma ba ya iya bambance gero da ciyawa. Idan zai je masallaci, jikansa ne ke riƙe masa sanda. Makantar mutum ɗaya takan cire hannu biyu daga aiki: na tsohon da na ɗan jagora. Shi ya sa tarihin maganin ido a ƙasar Kano tarihi ne na rage tazara tsakanin manomi da likita.

A da, mai yanar ido masu maganin gargajiya yake jira, su sa tsinke su ture yanar zuwa cikin idon. Wani ya ga haske na ɗan lokaci, wani ya rasa idon gaba ɗaya. Can a Jamus kuwa, a 1851 Hermann von Helmholtz ya ƙera madubin da ke haska cikin ido har a ga jijiyoyin da ke bayansa. Wannan ilimi ya samu mazauni a Kano a 1943, lokacin da mishan na SIM suka buɗe asibitin ido wanda yau ake kira na ECWA. Sai dai asibiti na birni, mara lafiya na ƙauye, ga kuɗin mota, ga barin gona.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya fito da girman matsalar: kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na wannan makanta ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Bayan haka, a aikin ƙididdigar cutar amosanin ido na duniya da aka fara a 2012, ma'aikata sun zaga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, suna ɗaga fatar ido su duba, su shigar da sakamakon a wayar salula. Waya ta shiga aikin ido ke nan, amma a matsayin magatakarda.

A shekarar 2012 ɗin ce masu bincike a Jami'ar Toronto suka nuna cewa manhaja na iya koyon gane hoto da kanta. A da mai rubuta manhaja sai ya zayyana mata ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Yanzu misalai ake tara mata, kamar yadda yaro ke koyon tsinto zangarniya mai kyau ta hanyar bin mahaifinsa gona. A 2016 kamfanin Google ya horar da ƙirƙirarriyar basira da hotunan bayan ido sama da 128,000, waɗanda likitoci 54 suka tantance, don gano ɓarnar da ciwon suga ke yi wa ido. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da IDx-DR, na'urar da ke yanke hukunci kan hoton ba tare da likitan ido a wurin ba.

Amma gani ya kori ji. Da aka kai manhajar Google ƙananan asibitoci 11 a Tailan, ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, galibi saboda ɗakunan ba su da duhun da ake buƙata, ga intanet na jan ƙafa. A Ruwanda kuwa, gwajin manhajar ƙungiyar Orbis ya nuna cewa masu ciwon suga da aka faɗa wa sakamako nan take sun fi zuwa ganin likita.

Darasin a fili yake. Manhajar da za ta yi amfani a ɗakin shan magani na karkarar Kano sai ta jure ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta, ta yi aiki ba intanet, ta koyi idanun mutanenmu, ta kuma yi bayani da Hausa. Wannan aikin matasanmu ne masu karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero, hannu da hannu da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kuma na'ura gano cuta take yi, ba ta cire yana. Dole a samu mota da wuƙar likita a bayanta. Ranar da waɗannan suka haɗu, dattijon nan zai koma kan kunyarsa, jikansa ya ajiye sanda ya ɗauki allo.