Senti 20 na Unity: tarihin rigimar kamfani da masu haɗa wasanni

Duk wanda ya ga matasa a fada sun duƙufa kan salula suna buga Free Fire, ko ya ga yaro ya karɓe wayar uwarsa yana tsere a Subway Surfers, to ya ga aikin kamfanin Unity ko da bai taɓa jin sunansa ba. Unity shi ya mallaki injin da aka haɗa waɗannan wasanni da shi, haka ma Pokémon Go da Among Us da Genshin Impact. Injin da ake nufi a nan manhaja ce, wadda ta riga ta san yadda haske ke sauka kan bango, yadda abu ke faɗuwa ƙasa in an sake shi, yadda sauti ke fita, da yadda wasa ɗaya zai yi aiki a Android da iPhone da kwamfuta. Mai haɗa wasa yana ɗora labarinsa da zanensa a kai, kamar magini da ya tarar an riga an zuba tushe.

Matsalar ita ce tushen ba nasa ba ne, haya yake yi. Ƙungiyar da ta share shekara uku tana aiki da inji ɗaya, ma'aikatanta suka ƙware a kansa, ta sayi kayan aikin da sai da shi suke tafiya, ba za ta kwashe komatsanta cikin dare ɗaya ta koma wani ba. Shi ya sa maganar mai inji take da nauyi fiye da farashinsa. Rigimar da ta tashi a Satumban 2023 an fi tuna ta da senti 20, amma wanda ya bi tarihinta zai ga kuɗin fami kawai ya yi wa tsohon gyambo.

Tun farkon wannan sana'a akwai irin wannan zaman doya da manja. Kamfanin id Software ne ya fito da al'adar bayar da hayar inji bayan wasan Doom na 1993, Epic ya biyo baya da Unreal a 1998, kuma a lokacin sai manyan kamfanoni ke iya biyan lasisi. A 2004 Electronic Arts ya saye Criterion, mai injin RenderWare da aka haɗa Grand Theft Auto III da shi, sai kamfanoni da dama suka wayi gari tushen gidansu yana hannun kishiya. Rockstar ya bar injin ya ƙera nasa. A 2007 kuma Silicon Knights na ƙasar Kanada ya maka Epic kotu, yana zargin an ba shi injin da bai kammala ba, an kuma bar shi ba tallafi, alhali Epic yana can yana gyara nasa wasan Gears of War. Shari'ar ta juye kan mai ƙara: a 2012 aka samu Silicon Knights da laifin saɓa lasisi da amfani da kayan Epic, aka ci shi tarar kusan dala miliyan 4 da rabi. (Dalar Amurka nake nufi a duk wannan rubutu, ba tamu ta kasuwa mai tamma biyar ba.)

Unity ya shigo ne da alkawarin kawo ƙarshen wannan. Samari uku, David Helgason da Nicholas Francis da Joachim Ante, suka kafa shi a Kopenhagen ta ƙasar Denmak a 2004. Wasan da suka fara fitarwa, GooBall, bai yi kasuwa ba, sai suka gane kayan aikin da suka ƙera don haɗa shi sun fi wasan daraja. A 2005 suka fitar da injin, suka kama iPhone tun da wuri a 2008, a 2009 suka mayar da ƙaramin lasisinsu kyauta. Ɗalibi mai kwamfuta ɗaya a ɗakin haya ya samu abin da a da sai mai miliyoyi. Mutane sun so kamfanin nan so na gaske. Su ne suka riƙa rubuta darussa kyauta, suna amsa tambayoyin sabbin shiga, suna kafa ƙungiyoyi birni birni, ba wanda ya biya su ko tamma.

A Oktoban 2014 Helgason ya sauka, John Riccitiello, tsohon shugaban Electronic Arts, ya hau. A shekarar ce kuma Unity ya sayi Applifier ya shiga harkar talla cikin wasanni, a hankali kaso mafi tsoka na kuɗin shigarsa ya koma wannan ɓangare, ya zarce abin da lasisin inji ke kawowa. A Satumban 2020 ya shiga kasuwar hannun jari ta Amurka. A 2021 ya sayi sashen fasaha na Weta Digital kan dala miliyar 1 da miliyan 625, a 2022 ya haɗe da kamfanin talla na Isra'ila, ironSource, a cinikin miliyar 4 da miliyan 400. A wannan shekarar hasararsa ta haura miliyan 900. A ganina nan ne bakin zaren: mai haɗa wasa ya daina zama wanda kamfanin ke fara yi wa bayani, masu hannun jari sun shiga gabansa.

Masu amfani da injin sun ji sauyin a jikinsu tun kafin su iya ba shi suna. A 2018 aka ce an jingine UNet, kayan da ake haɗa wasan mutane da yawa ta intanet da shi, amma cikakken magajinsa bai iso ba sai 2022. Hanyoyin zana hoto suka zama uku, abin da ka saya don ɗaya ba lalle ya yi aiki a ɗayan ba. Tsoffin ƙorafe-ƙorafe suna jibge, ana ta shelar sabbin abubuwa da ba a kammala ba. Mutane sun daɗe suna cewa Unity, ba kamar Epic mai Fortnite ba, ba ya haɗa wasa da injinsa, don haka bai san inda ke yi wa jama'a ƙaiƙayi ba. A Maris na 2022 kamfanin ya ce ya ji, ya nuna wani wasa mai suna Gigaya da ma'aikatansa ke haɗawa don su ɗanɗani wahalar da kansu. Ƴan watanni bayan haka aka soke aikin, aka sallami masu yin sa. A Yulin shekarar Riccitiello ya yi hira da wata jaridar wasannin salula, ya kira masu haɗa wasan da ba su sa lissafin kuɗi gaba da wawaye, da kalmar da ta fi wannan muni. Ya nemi gafara daga baya.

Amma abin da ya fi muhimmanci ya faru tun 2019. A Janairun shekarar kamfanin Improbable na Ingila ya fito fili ya ce Unity ya sauya sharuɗɗan lasisi ta yadda wasannin da ke amfani da hidimarsa ta SpatialOS suka zama masu laifi. Epic, da ya ga bango ya tsage, ya haɗa kai da Improbable suka ware dala miliyan 25 don taimakon duk mai son ƙaura. Cikin mako guda Unity ya ja da baya, ya ɗauki alkawari biyu. Na farko, duk wanda ya tsaya kan fitowar injin da yake aiki da ita zai ci gaba da sharuɗɗan da ya amince da su tun farko. Na biyu, za a ajiye sharuɗɗan a GitHub, inda kowa zai iya ganin kowane harafi da aka taɓa. Mutane suka ɗora ayyukan shekaru kan wannan magana. Daga baya aka goge shafin ba sanarwa, a Afrilun 2023 kuma aka cire sakin layin da ke ɗauke da alkawarin farko. Kusan ba wanda ya lura a lokacin.

Ranar Talata 12 ga Satumba 2023 sanarwa ta fito: daga 1 ga Janairu 2024 za a fara karɓar kuɗi kan kowace girkawa, wato duk lokacin da wani ya ɗora wasan a na'urarsa. Masu ƙananan lasisi, in wasansu ya kawo dala dubu 200 cikin watanni 12 kuma an girka shi sau dubu 200, za su biya senti 20, kusan sefa 120 a canjin lokacin, kan kowace sabuwar girkawa. Masu manyan lasisi sai sun kai miliyan 1 ta fuskoki biyun, farashinsu kuma yana raguwa da yawan girkawa. Har da wasannin da suka daɗe a kasuwa, waɗanda aka fitar ƙarƙashin tsoffin sharuɗɗa. Kamfanin ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na abokan cinikinsa abin ba zai shafe su ba, kuma mai yiwuwa haka ne. Sai dai kowane ƙaramin mai haɗa wasa yana aiki ne da fatan wata rana zai shiga cikin sauran goman.

Tambayoyi suka taso, kuma a nan aka ga ba a shirya amsa ba. In mutum ya goge wasa ya sake girkawa fa? Aka ce sau biyu za a ƙirga. Kafin a kwana aka ce a'a, sau ɗaya. In ya girka a na'ura ta biyu? Wannan sabon lissafi ne. In ɓarayin manhaja ne suka yaɗa wasan, ko wani mai jin haushinka ya kafa na'ura tana girkawa dare da rana don ya karya ka? Aka ce akwai dabarun gano zamba, a kawo ƙorafi. To ta yaya ma za a ƙirga? Aka ce kamfanin yana da nasa tsarin kintace, ba za a bayyana shi ba. Wato mai bin bashi ne zai faɗi adadin bashin, kai kuma ba ka da hanyar duba littafinsa. Amsoshin ma a warwatse suke fitowa, wata a Twitter, wata ta bakin Marc Whitten, shugaban sashen injin, a hirarsa da ɗan jarida, kuma wata tana karo da wata.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan tambaya ba. A Yamai ko Tawa wasa ɗaya yana bin wayoyi goma ta Xender ba tare da ya ratsa ta Play Store ba, wanda wayarsa ta cika kuma yana gogewa yau ya sake karɓa jibi. Yawancin masu buga wasan ba za su taɓa sayen komai a ciki ba. Unity ya rage farashin ƙasashe masu tasowa zuwa senti 2 ko ƙasa da haka, alamar ya san girkawa a irin wurarenmu ba ta kawo kuɗi. Duk da haka tsarin ya mayar da ɗan wasan da ba ya biya ya zama nauyi a wuyan mai wasan. Ga kuma wani layi a sanarwar: wanda ya rungumi hidimar talla ta kamfanin, LevelPlay, yana iya samun rangwame. Masu wasannin salula ba su sha wahalar fassara wannan ba.

Martanin ya zo da sauri. Wasu kamfanonin wasannin salula, cikinsu har da Voodoo na Faransa, suka kashe tallan Unity da ironSource a wasanninsu, suka taɓa kamfanin daidai aljihu. Innersloth mai Among Us ya fito ya yi tir. Mega Crit, masu Slay the Spire, suka ce sun fi shekara biyu suna haɗa sabon wasa da Unity, amma za su ƙaura in ba a janye tsarin gaba ɗaya an kuma kare sharuɗɗa daga sauyi ba. Re-Logic mai Terraria, wanda ma ba da Unity aka haɗa shi ba, ya ba Godot da FNA dala dubu 100 kowanne. Godot inji ne na kyauta da wasu ƴan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe wa duniya a 2014, kuma lasisinsa bai bar wa kowa ƙofar zuwa daga baya ya ce a biya shi ba. A cikin wannan hayaniya ce mutane suka je neman shafin GitHub na 2019 suka tarar babu shi. Da aka tambaya, kamfanin ya ce ya goge ne don masu leƙa shi ba su da yawa. Ina ganin wannan amsa ta fi senti 20 ɓarna, domin takardar shaida ba don a karanta ta kullum ake ajiye ta ba.

Ranar 14 ga wata aka rufe ofisoshin Austin da San Faransisko saboda barazana, aka soke taron da Riccitiello zai yi da ma'aikata. Ranar 17 kamfanin ya nemi afuwa kan abin da ya kira ruɗani, kamar dai laifin na masu karatu ne. Sai ranar 22 Whitten ya rubuta wasiƙa ya amsa cewa ya kamata a saurari jama'a kafin sanarwa. Aka cire ƙaramin lasisi daga tsarin, aka ce tsoffin wasanni ba su ciki, mai wasa ne zai kawo alƙalumansa da kansa, kuma abin da zai biya ba zai wuce kashi 2 da rabi cikin 100 na kuɗin shigarsa ba. Aka maido alkawarin 2019. In aka gwada da Unreal, da ke karɓar kashi 5 bayan miliyan na farko, farashin ba shi da tsanani, kuma da shi aka fara zuwa da wataƙila gunaguni kawai za a yi a wuce. Duk da haka ƙungiyar masu amfani da Unity ta birnin Boston, wadda ta yi shekara 13, ta rushe kanta bayan wasiƙar, ta ce amana ta riga ta tafi.

Ranar 9 ga Oktoba Riccitiello ya bar kujera, James Whitehurst, tsohon shugaban Red Hat, ya riƙe ta na wucin gadi. A Janairun 2024 aka sallami ma'aikata kusan 1,800, kwata ɗaya na kamfanin, mutanen da mafi yawansu ba su da hannu a shawarar. Matthew Bromberg ya karɓi shugabanci a Mayu, kuma ranar 12 ga Satumba 2024, shekara guda cif bayan sanarwar farko, ya soke kuɗin girkawa baki ɗaya. Madadinsa aka ƙara kuɗin lasisin Pro da kashi 8 zuwa dala 2,200 a shekara ga kowane ma'aikaci, na Enterprise da kashi 25. Ƙarin kuɗi ne zahiri, amma ba a yi wata tarzoma ba, don kowa yana iya lissafa shi tun kafin ya fara aiki. Su kuwa Mega Crit, tun a Afrilun 2024 suka bayyana Slay the Spire 2, kuma da Godot suka haɗa shi.