Ganyen da Ake Nutsarwa a Kofi

A bangon mashayun Ayalan, da na 'yan ƙasar mazauna Amurka, akan ga hoton kofin wuski da ganyen shamrok mai kunne uku yana iyo a ciki. Al'ada ce ta ranar Waliyyi Patrick, 17 ga Maris: a wuni da ganyen maƙale a riga, da dare a jefa shi cikin kofin ƙarshe. Tun 1726 masanin tsirrai Caleb Threlkeld ya koka da yadda ake wuce gona da iri.

Hoton dai ya ɓoye rabin tarihin. A 1927 doka ta rufe mashayai a wannan rana, sai 1961 suka sake buɗewa. A tsakanin nan, mashayan Dublin sukan yi tururuwa zuwa baje kolin karnuka, inda aka halatta sayar da giya.